Yadda Nake Yi wa Akushi Ado Bayan Inji Ya Gama Nasa

Kakana masassaƙi ne. Da gizago yake rarake akushi, yana zaune a gindin darbejiya da guntun danya tsakanin ƙafafunsa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗora hannu a kan injin juya katako ba. Ni kuwa a shagon kafinta na tashi, inda aka fara tsayar da ni a gaban injin don in riƙa fitar da ƙafafun gado da na kujera. Ranar da na fara ɗaure guntun madaci na rarake shi ya zama akushi, da gudu na kai gida. Iya ta karɓa, ta juya shi, ta shafa, ta ce, "To, ya yi sumul kam. Amma ɗan nan, wannan ai kamar na roba ne."

Maganar ta yi mini ciwo don gaskiya ce. Inji yana ba ka da'ira wadda hannu ba zai iya ba, amma yana share duk wata alamar cewa mutum ya taɓa abin. Aikin ado shi ne mayar da wannan alamar. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda nake yi a shagona, da kayan da galibinsu ba sai an yo odarsu daga waje ba.

Kafin komai, ka sani ado ba ya rufe aibi. Idan cizal ya yagi katako ya bar gurbi, ko bangon akushin ya yi kauri a nan ya yi siriri a can, zane ba zai ɓoye ba, sai ma ya nuna wa mutane wurin. Don haka ka gama sura tukuna. Ka bi da sanfefa daki-daki, lamba 80 in akwai tabon cizal, sannan 120, 180, 240. Kada ka tsallake lamba don sauri, karcen da 80 ta bari 240 ba za ta iya cire shi ba, kuma ranar da ka shafa mai zai fito ɓaro-ɓaro. Dalilin gama goge-goge kafin a fara zane shi ne, bayan ka yi zanen ba ka da sauran damar sa sanfefa mai kaushi, za ta cinye kaifin aikin.

Sai batun bushewa, wanda nan ne yawancin sababbin hannu ke kwan ciki. Ɗanyen katako yana motsi. Yayin da yake bushewa ya fi tsukewa ta gefe ɗaya a kan ɗayan, shi ya sa akushin da ka cire daga inji zagayayye za ka dawo bayan wata biyu ka same shi kamar ƙwai. Abin da nake yi, in rarake shi sau biyu. Karon farko ina barin kaurin bango ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakinsa, wato akushi mai faɗin inci 10 bangonsa inci 1. In shafe wuraren da jijiyar katakon ta yanke da kakin zuma ko farin gam, in cusa shi cikin buhun takarda tare da diddigarsa, in ajiye a ɗaki mai inuwa. Bayan watanni, idan na ɗora shi a sikeli sau biyu tsakanin mako biyu nauyin bai sauya ba, sai in mayar da shi inji in daidaita. A lokacin ne ake maganar ado. Na taɓa yin gaggawa da wasu akusa shida da na yi cikin watan Nuwamba, na zane su tsaf, hunturu na kankama huɗu suka tsage, ɗaya ma ina zaune na ji ƙarar "tas" daga kan kanta.

Wane katako? Danya tana da sauƙin yanka kuma tana karɓar wuta da kyau, ba banza masassaƙanmu na da suka zaɓe ta ba. Madaci yana da launi mai daɗi, ja-ja, yana kuma baƙi sosai idan an yi masa rinin da zan faɗa a gaba, sai dai ƙurarsa tana cin hanci, ka sa takunkumi. Ƙirya tauri gare ta kamar dutse, tana riƙe zane mai ƙanana, amma za ka yi ta wasa cizal har ka gaji. Rimi ya yi laushi da yawa, zane a jikinsa sai ya yi gashi-gashi. Madobiya kuwa kyanta ya ja mata, an yi ta sare ta ana lodi zuwa Sin har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ke sa wa ido tun 2017. In ka samu guntunta daga tsohon ƙyaure ko tsohuwar kujera, kada ka yi mata zane ko ɗaya. Jijiyarta ta isa ado. Wannan ma doka ce a wurina: katakon da Allah ya riga ya zana, a bar shi. Zane na katakon da fuskarsa ba ta cewa komai ne.

A ina ake sa adon?

A waje, kuma ba ko'ina a wajen ba. Cikin akushi wurin tuwo ne da miya. Duk ramin da ka yi a ciki, komai ƙanƙantarsa, miyar kuka za ta shige ta zauna, soso ba zai kai gare ta ba. Leɓen bakin ma ina barinsa a miƙe sumul don faifai ya zauna daidai. Wurin da nake ware wa ado shi ne ɗamara guda a kafaɗar akushin, tana farawa kamar faɗin yatsa ɗaya a ƙasan baki, faɗinta kuma bai wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayin akushin ba. Sauran jikin ya zauna da santsinsa. Kaushi ba ya fitowa sai yana kusa da santsi, baƙi ba ya fitowa sai yana kusa da fari. Maigidana da ya koya mini injin, idan ya ga na cika zane tun daga baki har gindi, sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, garin neman gira za ka rasa ido."

Layin waya, wanda shi ne iyaka

Kowace ɗamara tana bukatar iyaka sama da ƙasa. Ba tare da ita ba zanen sai ya yi kamar ya zube a jikin katakon. Hanya mafi sauƙi kuma mafi kyau ita ce ƙona layi da waya.

Ka samu siririyar wayar ƙarfe, tsawon kamu biyu. Sili ɗaya daga wayar birkin keke yana yi, tsirkiyar jita ma tana yi. Ka ɗaure kowane bakinta a jikin guntun katako mai kama da mariƙin tabarya ƙarama. Kada ka kuskura ka naɗe wayar a yatsanka. Ina da tabo a ɗan alina na hagu wanda ke tuna mini wannan kullum, kuma sa'a na yi wayar ce ta tsinke ba yatsan ba.

Da inji yana juyawa, ka sa tsinin cizal ka yi ɗan siririn kwari inda kake son layin, zurfinsa bai fi kaurin farce biyu ba. Wannan shi ne hanyar da wayar za ta bi, in babu shi za ta yi ta zamewa tana ɓata maka jiki. Sai ka janye majinginin cizal gefe, ka ɗora wayar a cikin kwarin, ka ja hannayen biyu ƙasa ta rungumi bayan akushin kaɗan. Za ka fara jin ƙauri, sai hayaƙi, sai layi baƙi ƙirin ya bayyana. Daƙiƙa biyar zuwa goma sun isa. Gogayya ce ke kawo zafin, don haka a nan ana son inji da ɗan sauri. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce, faɗin akushi a inci idan aka ninka shi da yawan juyin inji a minti, lissafin ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai inci 10 ke nan juyinsa 600 zuwa 900. Don ƙona layi ka tsaya a saman wannan, kada ka haye.

Waya ba ta aiki a inda jikin ya kwanta sosai, kamar saman leɓe mai faɗi ko gindi, don ba ta da inda za ta runguma. A nan sai ka ɗauki guntun fomeka, irin wanda ake zubarwa a kowane shagon kafinta, ka cusa gefensa cikin kwarin ka danna. Shi ma zai ƙona maka layi tsaf.

Ni layi biyu nake yi a sama, kusa da juna, ɗaya a ƙasa. Ban san dalili ba, amma idona ya fi kwanciya da haka. Wani lokaci ma daga nan nake tsayawa, akushin ya tafi kasuwa da layukansa uku kawai.

Zanen wuta

Wannan ne aikin da na fi so, kuma shi ne gadon gidanmu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya ya san yadda abin yake: kasko da garwashi, ƙarafa a ciki, a ɗauki wannan a mayar da wancan. A ƙasashen Turai da Amurka suna da alƙalamin lantarki mai siririyar waya a baki, ana murɗa masa zafi yadda ake so. Yana da kyau in ka samu, kuma in wutar ta yarda ta zauna. Ni dai ƙarafana maƙeri ne ya yi mini su daga ƙusoshi masu inci 6. Ɗaya ya buge bakinsa ya zama kamar wuƙa don jan layi, ɗaya ya goge shi da magagari ya zama kusurwa uku, ɗaya ya bar shi da ɗan mulmulallen kai don ɗigo. Na huɗun guntun siririn bututun ƙarfe ne, yana buga da'ira. Kowanne an soka shi a ƙotar katako.

Kafin wuta, raba ɗamarar. Kada ka dogara da ido, za ka zagayo ka tarar zanen ƙarshe ya ƙi haɗuwa da na farko, ko ya zama rabi. Ka yanki siririyar takarda, ka zagaya ta a kan ɗamarar, ka yanke daidai inda baki ya haɗu da baki. Ka ninke ta biyu, ka sake ninkewa, ka sake, har sau huɗu. Idan ka warware za ka samu gida 16 daidai wa daida. Ka mayar da ita jikin akushin ka ɗiga fensir a kowane ninki. Akwai injinan da ke zuwa da faifan rabo a jikinsu, amma takardar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ana yin zanen wuta ne inji a kashe. Ni cire akushin ma nake yi tare da mariƙinsa, wato ƙarfen da ke riƙe shi a jikin inji, in ɗora a cinya bisa tsohon buhu. Ba na cire shi daga mariƙin, don idan na mayar ya koma daidai yadda yake.

Zafin ƙarfe shi ne sirrin. In ya yi ja jawur, zai nutse cikin katakon ya bar rami mai baki kamar cin gara, da rawayan tabo kewaye da shi. In ya huce da yawa, za ka yi ta dannawa yana ba ka launin ƙasa-ƙasa marar rai. Daidai shi ne lokacin da jan ya ɓace daga ido, daƙiƙa kaɗan bayan ka zaro shi daga garwashi. Kullum ina ajiye ɓallin katakon da na yi akushin da shi a gefe, in fara taɓawa a can. Ƙarfe ɗaya yana ba ni bugu uku zuwa huɗu kafin ya huce, shi ya sa nake sa iri ɗaya guda biyu a kasko, ina aiki da ɗaya ɗayan na shan wuta. Gawayin ƙirya ya fi, irin na maƙera, yana daɗewa kuma ba ya tartsatsi sosai.

Ga wani abu da sai hannu ya gaya maka. A jikin akushi akwai wurare biyu da ke fuskantar juna inda jijiyar katakon ta kwanta, da wasu biyu inda ta yanke ta fito da kai. Ba sa shan wuta iri ɗaya. Inda ta kwanta ƙarfen yana son ya bi jijiyar ya zarce, inda ta yanke kuma sai ka ɗan ƙara jinkiri kafin ya yi baƙi. In ka yi musu bugu iri ɗaya, rabin ɗamarar zai fi rabi duhu. Ka riƙa duba launi, kada ka riƙa ƙirga lokaci.

Zanen da na fi yi shi ne jerin kusurwa uku, ɗaya a tsaye ɗaya a kife, a cike na tsayen da ƙananan layuka a bar na kifen fari. Tsohon zane ne, za ka gan shi a jikin ƙorai da akusa in ka shiga Kasuwar Kurmi, za ka gan shi a kwanukan katako na Buzayen Agadas. Mutane suna yawan tambayar dagin Arewa. Ina yi, amma guda ɗaya tak, kuma ba a kan ɗamara ba, a gindin akushin ta waje ko a tsakiyar murfi. Dagi zane ne na layuka masu lanƙwasa da ke hawa kan juna, ƙarfen wuta kuwa miƙewa yake so. Sai ka zana shi da fensir tsaf, ka bi da ɗigo-ɗigo maimakon ja, kana tsallake wurin da layi ke shigewa ƙarƙashin ɗan'uwansa. Guda goma sha shida a zagaye ɗaya, wallahi ko na kuɗi ne ba na karɓa.

Idan ka gama, ka goge fensir da roba, sannan ka shafa sanfefa lamba 320 sama-sama da hannu don cire rawayan da ke gefen ƙunar. Kada ka taɓa yin zanen wuta a kan katakon da aka riga aka shafa wa fenti ko banis. Hayaƙin guba ne, zanen kuma zai yi kumfa.

Sara da kaushi

Akwai masu son akushi ya yi kama da wanda gizago ya fitar. Ana samun wannan da ƙaramin cizal mai baki kamar cokali. A cikin ɗamarar, ka riƙa ɗebe ɗan ɓalli-ɓalli kamar girman ƙwayar gyaɗa, kowane sara yana cin gefen na kusa da shi, kada a bar fili a tsakani. Kada ka jera su a layi kamar sojoji, a warwatse suka fi kyau. Cizal ɗin dole ya kasance da kaifin aska, don kowane sara shi ne gamawarsa, ba a bi da sanfefa. In ka ji katakon yana tashi yana yagewa maimakon ya yanku, kana sara ne gaba da jijiya, juya ka fito ta ɗaya ɓangaren. Kafin ka gama zagaye akushin, za ka sauya hannu sau huɗu. Aiki ne mai cin lokaci, akushi ɗaya yana iya cinye maka yini, saboda haka ka sa kuɗinsa a farashi tun kafin ka fara.

Akwai kuma kayan aikin da kamfanin Robert Sorby na Shafil a Ingila ke yi, wani ɗan gare ne mai haƙora a bakin ƙota. Ana danna shi a jikin katakon yana juyawa, garen ya riƙa bi yana buga haƙoransa. In ka miƙar da shi ya ba ka kaushi kamar ɓawon lemo, in ka karkata shi ya ba ka zane mai murɗewa kamar igiya. Ana rage gudun inji sosai, wajen 400 zuwa 500, kuma ya fi kama katako mai tauri. Cikin daƙiƙa goma an gama. Na yi amfani da na wani abokina na ɗan lokaci. Yana burge mai saye, ba ƙarya, amma duk akusan da aka yi da shi kamarsu ɗaya, kuma da shi muka koma maganar Iya.

Wanda ya fi shi arha shi ne buroshin waya. Ka rufe sama da ƙasan ɗamarar da salatif na takarda, ka ɗan babbake tsakiyar da wutar gas sama-sama, kana tafiya da harshen wutar ba tsayawa, sannan ka goge gawayin da buroshi kana bin jijiya. Wuta tana cin wurare masu laushi ta bar masu tauri, sai jijiyar ta fito a taɓa a ji. Japanawa sun daɗe suna yi wa katakon gininsu irin wannan babbaka. Ya fi fitowa a katakon da ke da zobba masu bambancin tauri, kamar farin katakon da ake kwance wa daga akwatunan kaya. A itatuwanmu tasirinsa kaɗan ne. Kuma in bangon akushin bai kai kaurin rabin inci ba, kada ka gwada, zafi zai tsaga shi.

Baƙin bagaruwa

Dukawa sun riga mu sanin wannan. Kulokon da suke baƙanta fata da shi ruwan ƙarfe ne, kuma yana kamawa ne saboda bagaruwar da majema suka jeme fatar da ita. Sinadarin da ke sa bagaruwa ɗaci-ɗaci da bauri, idan ya haɗu da ƙarfe, baƙi yake zama. A katako ma haka.

Ruwa biyu za ka haɗa. Na farko, ka samu soson ƙarfe irin mai yin tsatsa, ba mai ƙyalli da ba ya tsatsa ba, ka wanke shi da sabulu don cire man da ke jikinsa, ka yayyaga cikin kwalba, ka zuba farin ruwan khal rabin lita. Kada ka ɗaure murfin, iska ce ke fita daga ciki, kwalbar tana iya fashewa. Bayan kwana huɗu zuwa mako ka tace da tsumma. Na biyu, ka daka bagaruwa cikin tafin hannu biyu, ka cire 'ya'yan, ka tafasa a ruwa kofi uku, ka tace.

Ka fara jiƙa ɗamarar da ruwa zalla, ka bari ta bushe, ka shafe gashin da ya tashi da lamba 320. In ba ka yi haka ba, rinin ne zai tayar da gashin, kuma in ka zo gogewa ka goge baƙin. Sai ka shafa ruwan bagaruwa da ƙaramin buroshi, ka bari ya sha iska har ya kusa bushewa, sannan ka bi da ruwan ƙarfen da wani buroshin dabam. A gaban idonka katakon zai juya, toka-toka, shuɗi-shuɗi, sannan baƙi. In bai kai yadda kake so ba ka maimaita. Kada ka tsorata idan ya bushe ka gan shi fari-fari kamar ƙafar da ba ta sha mai ba, mai na taɓa shi zai koma baƙi wuluk. Madaci ma ko ba bagaruwa yana ɗan kamawa da kansa.

A nan ne layin waya ke biyan kuɗinsa karo na biyu. Ƙunar ta toshe ƙofofin katakon, don haka rini in ya zo bakin layin sai ya tsaya, ba ya tsallakawa ya ɓata farin. Ba a cika buroshi dai, kuma daga tsakiya ake farawa a matso bakin layi a hankali.

Abin da ya fi kyau a idona shi ne a haɗa biyu: a rina ɗamarar baƙi tukuna, ta bushe kwana ɗaya, sannan a bi da cizal a sassare. Kowane sara sai ya buɗe farin katakon da ke ƙasa, kamar zanen da ake ƙwaƙulewa a jikin baƙar ƙwarya. Ba na sa wannan rinin a cikin akushi. Tsami yana cin sa, miyar yakuwa ko kunun tsamiya za su kodar da shi cikin ɗan lokaci.

Idan ya tsage fa?

Ba kullum tsaga ke zama asara ba. Mutanenmu na da ba sa yar da akushi don ya tsage, ɗinke shi ake yi da ɗan falle na ƙarfe da ƙananan ƙusoshi, kamar yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya, kuma sau da yawa ɗinkin ya fi zanen kyau. Ina yin haka da fallen tagulla: in huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, in yanka falle biyu ko uku kamar faɗin farce, in fara huda wa ƙusoshin hanya da basilla, sannan in buga. Ƙananan tsagogi kuma ina cika su da garin da ke zuba a wurin masu yankan makulli. A shafa kaki a gefen tsagar don kada gam ya yi tabo, a cusa garin, a ɗiga gam mai ruwa-ruwa irin mai kamawa nan take, a bari, a goge. Yana fitowa kamar zaren zinariya. Amma ƙarfen makulli yakan ƙunshi dalma kaɗan, don haka wannan na akushin ajiye goro ne ko na jere a falo, ba na cin abinci ba, kuma ina gaya wa mai saye da bakina.

Mai

Abu na ƙarshe shi ne mai, kuma a nan na taɓa jin kunya. Wata Hajiya ta sayi akusa uku don kayan ɗakin 'yarta, na shafe su da man gyaɗa don shi ke kusa. Bayan wata biyu sai ga ta da su a leda. "Malam, shinshina ka ji." Sun yi wani irin hamami, man ya lalace a cikin katakon, kuma ba ya wankuwa. Sai da na mayar da su inji na ƙanƙare cikin. Tun daga ranar, haɗina guda ne: farin man farafin na sha, wanda ake sayarwa a kemis don taurin ciki, kashi huɗu, da kakin zuma kashi ɗaya. A narka su a gwangwani cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. Idan ya huce yana zama kamar man kaɗe. Ba ya wari, ba ya lalacewa, kuma ba ya cutar da mai ci.

A wuraren santsi da tsumma nake shafawa. A kan ɗamara kuwa tsumma barin zare yake yi, kakin kuma ya taru a ramuka ya bushe fari. Tsohon buroshin haƙori nake sa wa, in cusa man ko'ina, in ajiye akushin a rana minti goma ya sha, sannan in bi da busasshen buroshin takalmi har sai ya daina kama yatsa. Washegari in sake. Banis mai ƙyalli ba ya shiga shagona don akushi, yana cike zanen ya mayar da shi kamar an zuba masa leda, kuma tuwo mai zafi na taɓa shi zai fara ɓarewa.

Hajiyar ta dawo ta karɓi kayanta. Na ce mata a wanke da hannu a goge nan take, kada a jiƙa shi ya kwana cikin ruwa, kada a kife shi a rana, in hunturu ya shigo a ƙara masa mai. Ta ɗaga ɗaya ta kalli gindin, inda nake buga ɗigo uku da ƙarfen wuta, irin alamar da kakana ke sa wa nasa. Ta ce, "Wannan kuma fa, na mene ne?" Na ce na gane abina ne in ya dawo. Ta ce, "Ai kuwa in ya sake wari za ka gan shi."